Jan Alƙalamin Malam Gimba

Duk wanda ya zauna a Minna a shekarun yaƙin basasa bai san Malam Gimba na Limawa ba, zaman banza ya yi, ya kamata ya dawo ya sake. Abu uku garin ke taƙama da su a lokacin: jirgin ƙasa, doya, da Malam Gimba. Jirgi yakan makara, doya takan ruɓe, amma Malam Gimba bai taɓa yin kuskure ba tun da aka haife shi. Muna da shaida mai ƙarfi a kan haka, domin shi da kansa ya faɗa.

Hausa ce fagensa. Sauran mutanen gari magana kawai suke yi da ita, su sayi gishiri, su yi cacar baki da maƙwabta, su kwanta. Shi kuwa amanarta aka ba shi. A Kano ya yi karatu. Gaskiya ne kwas ne na mako bakwai a kan yadda ake jera fayil, kuma mako biyu daga ciki a kwance ya yi su da zazzaɓi, amma mahassada ne kawai ke tsayawa ƙirga irin wannan. Tun da ya sauko daga jirgi ba ya iya jera magana uku bai ce “mu can Kano” ba. Har gaisuwar mahaifiyarsa ya gyara, tsohuwar da ta koya masa cewa “ruwa”.

A wani ofishi na lardi yake aiki, kuma shi ne mai jarrabawar Hausa. Dokar wurin ita ce, duk ma'aikacin da ba da Hausa aka goye shi ba, sai ya zauna gaban Malam Gimba an yi masa tambayoyi da baki, ya ci, kafin a tabbatar da shi a aiki. Don wannan hidima ofis ya ba Malam alƙalami guda da kwalbar jar tawada. Da wani ne, da ya jefa su a aljihun tebur ya manta. Malam Gimba a aljihun ƙirji yake soke alƙalamin, kansa a waje don kada a wahala wajen nema, har tawadar ta yi wa kaftaninsa jan tabo daidai saitin zuciya. Matarsa ta yi ta fama da sabulu, ya hana ta. Ya ce alama ce.

Kafin kowace jarrabawa yakan yi jawabi, a tsaye, hannu ɗaya a baya.

“Ku saurara da kyau. Hausa ba doya ba ce da kowane mai fartanya zai tona. Hausa teku ce. Ku a bakin gaɓa kuke wanke ƙafa, mu kuwa mun nutse mun taɓo ƙasa. Kalmar da ban sani ba, ba Hausa ba ce.”

Bai taɓa ganin teku ba, ko a Kogin Chanchaga ba ya yarda ruwa ya wuce masa gwiwa, amma jawabin yana ratsa jiki, musamman jikin mai yin sa.

Cikin masu wanke ƙafa a bakin gaɓa akwai Gaiya, akawu mai buga tafireta, mutumin kudancin Zariya. Da Hausa ya yi tallar gyaɗa yana yaro, da ita yake karanta Littafi a coci ranar Lahadi, da ita ya nemi auren matarsa Sara. Idan manoman Kagara suka zo ofis Malam Gimba ya yi musu bayani da Hausarsa mai nauyi, sukan gode masa ƙwarai, su zagaya ta baya su tambayi Gaiya abin da aka ce. Sau uku Gaiya yana zama jarrabawa, sau uku yana faɗuwa. Karon farko ya gaida Malam da “sannu da aiki” kamar yana gaida mai faskare. Karo na biyu ya cika saurin amsa, abin da ke nuna rashin ladabi. Karo na uku ya amsa komai daidai, Malam ya rubuta da ja cewa haddar aku ce, babu fahimta.

Saura masa zama ɗaya. Wanda ya faɗi na huɗu sallamarsa ake yi, ya ajiye mabuɗin gidan ma'aikata. Gaiya yana da ciki biyu da falo a can, da Sara, da 'ya'ya huɗu, biyu sun fara makaranta. Wannan abu ya tsaya masa a rai, ko dariya yake yi da ya tuna sai ta yanke.

To, a bayan tashar jirgi akwai wani ɗan kulob na ma'aikata, rufin kwano, benci huɗu da tebur ɗaya. A nan wani Bature da ya tafi gida bayan samun mulkin kai ya bar ƙaton ƙamus, Hausa zuwa Turanci, mai kauri kamar tubali biyu. Shekara da shekaru aikinsa tokare ƙofa. Wata Asabar da yamma ruwa ya tsare mutane, 'ya'yan dara kuma sun ɓace, sai Ndako, mai kula da sito a ofis kuma sakataren kulob, ya ɗauko littafin ya kaɗe ƙura ya ƙago wasa.

Ga yadda ake yi. Ndako zai buɗe ƙamus ya zaɓo kalmar da ba wanda ya taɓa ji a wurin. Kowa ya yagi takarda ya rubuta ma'anar ƙarya, wadda za ta yi kama da gaskiya. Shi kuma Ndako ya juya ma'anar littafin zuwa Hausa a tasa takardar. A zuba duka a gwangwanin biskit, ya girgiza, ya karanto ɗaya bayan ɗaya. Kowa yana da murfin kwalba guda, sai ya ɗora a kan takardar da yake jin ita ce ta littafi. Sannan a tona.

Akwai doka ɗaya da Ndako ya kafa, kuma ita ta jawo komai. Ba a faɗin wanda ya rubuta wace takarda. Manya da ƙanana ne ke zama a benci ɗaya, kuma bai kamata a ce ƙaramin akawu ya yaudari shugabansa a bainar jama'a ba, Litinin tana nan tafe. Ndako kaɗai ke ganin rubutu, da an gama ya yayyaga takardun ya zuba a kwata.

Da labari ya kai wa Malam Gimba, ya ce ba zai shiga ba, domin zalunci ne babba ya yi kokawa da yara. Ya jira a roƙe shi. Da ya ga mako uku ba wanda ya roƙa, sai tausayi ya kama shi, ya zo da kansa.

Kalmar ranar ita ce akumari. Wani ya rubuta wata irin miya ce. Wani ya ce tsuntsun fadama. Wata takarda ta ce abin da ake shimfiɗa wa jaki a baya kafin a ɗora masa kaya. Sai Ndako ya karanto ta ƙarshe: “Riga ce da sarakunan da ke sa wa malamin da ya kayar da malamai arba'in a muhawara. Ba a wanke ta sai da ruwan sama na farko.”

Malam Gimba ya lumshe ido. Ya ɗaga murfin kwalbarsa sama don kowa ya gani, ya dangwara shi a kan rigar.

“Ita ce. Na ga irinta da idona a Kano, a jikin wani dattijo. Koriya ce.”

Ndako ya yi gyaran murya. “Malam, littafi ya ce na jaki ne.”

Da ƙaramin mutum ne, da ya yi dariya ya ce an ci shi. Malam Gimba ba ƙaramin mutum ba ne. Ya ce a miƙo littafin. Ya duba, ya girgiza kai cikin takaici, ya zaro jan alƙalami, ya ja layi a kan rubutun Bature, ya kwafe ma'anar rigar a gefen shafi, da kyakkyawan rubutunsa mai lanƙwasa.

“Baturen nan a bakin masu jakai ya koyi Hausa, sun cuce shi. Amma na yi murna. Akwai wani a cikinku da ya taɓa jin wannan ma'ana a bakina, ya riƙe. Ko wane ne, Allah ya yi masa albarka.”

Ya faɗi haka yana kallon hedimastan makarantar mishan, wanda a ganinsa shi kaɗai ne ke da ƙwaƙwalwar riƙe irin wannan. Hedimasta shi ya rubuta miya. Gaiya yana can ƙarshen benci yana duban silin da babu.

Da haushi Gaiya ya rubuta waccan takarda ta rigar, ba da wata dabara ba. Amma tun daga ranar ya gane kayan haɗin. Abu uku ne: a sa zamanin da, a sa sarki, a sa malamin da ake girmamawa. In aka haɗa ukun nan, Malam Gimba zai biyo ƙamshi ko daga can unguwar Barkin Sale yake. Ita kuwa gaskiyar littafi, Allah ya yi ta marar kwalliya. Kullum ciyawa ce, ko ciwon dabba, ko wani guntun kayan aikin masaƙi. Mutum mai daraja irin Malam ba zai sa murfinsa a kan irin wannan ƙasƙanci ba.

Haka aka yi ta yi kowace Asabar tsakanin la'asar da magariba. Katsi, wanda littafi ya ce lakar baba ce da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, ya koma turaren da ake yi wa littattafan manyan malamai. Sammore, ciwon shanu, ya zama gaisuwar da sarki ke yi wa malami a tsaye. Dundurusu ya tashi daga abin sara ya zama tamburan da ake bugawa idan malami ya gama rubuta littafi. Duk ranar da aka tona, Malam zai yi tsaki, ya zaro alƙalami, ya ceto Hausa daga hannun Bature. Bai taɓa cin wasa ko sau ɗaya ba, kuma bai taɓa faɗuwa ba.

Sara ba ta ga abin dariya a ciki ba. Ta ce wa mijinta, “Baban Yona, mutumin da abincinmu ke hannunsa kake wasa da shi? Ranar da ya gane, ina za mu sa yaran nan?” Gaiya ya ce zai bari. Asabar ta zo, ya ji hannunsa na ƙaiƙayi.

Ranar da aka kai ƙarshen abin ita ce ranar kandilo. Ndako ya karanto takardar littafi ba tare da ya ɗaga kai ba: busasshen kashin shanu. Sannan ya karanto wata: “Sarauta ce ta zamanin da, ana ba malamin da babu kalmar da ta taɓa gagararsa. Idan fada ta rasa ma'anar magana shi ake aika wa da doki. Ba ya cire takalmi gaban sarki.”

Waɗanda ke kusa sun rantse sun ga ƙwalla a idon Malam Gimba. Mutum ya yi shekara hamsin a duniya bai san sunan abin da yake ba, sai ga shi a gwangwanin biskit. Da aka tona, ko tsakin ma bai tsaya yi ba. Ya soke kashin shanun da layi biyu, ya cika gefen shafi har ya gangara ƙasa. Ranar Laraba mai fenti ya kafa allo a ƙofar ofishinsa: M. GIMBA, KANDILON LARDI. Ban taɓa ganin sarautar da jama'a suka karɓa da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Waɗanda ya kayar a jarrabawa su suka fi kowa ɗaga murya, tun daga bakin ƙofa kana jin “Allah ya ja zamanin Kandilo!” Shi kuma ya ɗaga hannu a hankali, ya ce a bar shi haka, ba ya son yabo.

Bayan shekara biyu ƙamus ya yi ja kamar an yanka kaza a kansa. Malam ya ɗauke shi daga kulob ya kai ofis, sai ranar Asabar yake zuwa da shi aro. Ya kuma ba da sanarwa cewa daga yanzu tambayoyin jarrabawa daga gyararren littafi za su fito.

Gaiya ya ji kamar ya taka rawa. Amsoshin jarrabawar duk 'ya'yansa ne, shi ya haife su, ya san su ɗaya bayan ɗaya. Ya sa sunansa a zama na huɗu, ya gaya wa Sara ta kwantar da hankalinta.

Kwana biyar kafin ranar jarrabawa wata takarda ta iso. Tun da aka yi jihohi, Minna ta koma ƙarƙashin Sakkwato, kuma can sama an lura cewa a wannan ofishi mutum tara cikin goma faɗuwa suke yi. Saboda haka za a turo mai jarrabawa na biyu ya zauna tare da Malam Gimba, kuma ba wanda zai ci sai dukansu biyu sun sa hannu. Gaiya ne ya buga amsar takardar da hannunsa, ya yi kuskure huɗu a layi uku. In ya faɗi ma'anar ja, baƙo zai ɗauka mahaukaci ne. In ya faɗi ta baƙi, Kandilo zai kayar da shi. Ya je wurin Ndako neman shawara. Ndako ya ce shi sito ya sani, amma zai yi masa addu'a, ko da yake ba hanyarsu ɗaya ba.

Baƙon, Malam Labbo, wani siririn dattijo ne mai farar riga ba aiki, da takalmin roba da tabarau ɗaure da zare. Da ya iso ƙofar ofis da safe ya tsaya gaban allon. Ya karanta. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake karantawa. Sannan ya yi sallama ya shiga. Malam Gimba ya fahimci kwarjini ne ya kama shi, ya yi masa uzuri, ya kuma ƙara wa jawabin teku minti goma don baƙo ya ƙaru.

Aka kira Gaiya. Ya durƙusa ya yi gaisuwa cikakkiya, ya zauna a bakin kujera. Mabuɗin gida na aljihunsa, ya damƙe shi har ya yi masa shaida a tafi.

Malam Gimba ya ɗora hannu a kan ƙamus. “Za mu fara da mai sauƙi saboda baƙo. Mene ne akumari?”

Gaiya ya dubi Malam Gimba, ya dubi Malam Labbo. Can dai ya ce, “Ranka ya daɗe, baƙi zan faɗa ko ja?”

Malam Labbo ya gyara tabarau. “Wane baƙi, wane ja?”

Wannan tambaya ita Malam Gimba ke jira tun safe. Ya tura littafin gaban baƙo, baki har kunne. “Baƙi na Bature ne, ja nawa. Aikin shekara biyu ke nan, ban nemi lada wurin kowa ba. In gwamnati ta ga dama ta buga, ba zan hana ba.”

Malam Labbo ya buɗe shafin akumari ya daɗe yana karatu. Sannan ya ce wa Gaiya, “Faɗi duka biyun, ɗana.”

Gaiya ya faɗi na jaki, ya faɗi na rigar, har da ruwan sama na farko. Dattijo ya juya shafi. Katsi. Sammore. Dundurusu. Kalma goma sha biyu ya jawo, kowace Gaiya ya kawo baƙinta ya kawo janta, bai tsallake ko wasali ba. Malam Gimba yana gyaɗa kai a duk ja, yana yamutsa fuska a duk baƙi.

“Malam,” in ji baƙo, “ina ka samo waɗannan?”

“A bakin tsofaffin Kano. Akwai wani dattijo ɗan shekara ɗari da goma, ni kaɗai ya yarda ya buɗe wa cikinsa. Ya rasu.”

“Allah ya ji ƙansa. Ni mahaifina jakai goma sha ɗaya gare shi. Kullum da asuba ni ke ɗora musu akumari. Da na san rigar malamai ce da na sa ɗaya na zo da ita.” Ya juya wajen Gaiya. “Kai kuma, yaya aka yi ka haddace ja haka? Kai ma ka je wurin tsohon?”

Nan Gaiya ya tsaya. Dokar kulob ta hana, tsoro ma ya hana. Amma ya tuna Sara tana tambayar inda za a sa yara, ya ga ƙarya ta kawo shi iyakar inda za ta iya.

“Ranka ya daɗe, ni na ƙaga su. A wasa ne, ranar Asabar.”

Malam Gimba ya miƙe har kujera ta faɗi. “Ƙarya yake yi! Wannan? Mai tafireta? Mutumin da ya gaishe ni da sannu da aiki? Shekara ɗari zai yi bai haɗa jimla ɗaya irin waɗannan ba!”

“Zauna, Malam, abin ba na faɗa ba ne,” in ji baƙo. Ya yi ta juya shafi har ya sami inda jan alƙalami bai taɓa zuwa ba. Ya rufe ma'anar da tafin hannu. “Ga wata, andira. In kai ne, ƙaga mana yanzu mu ji.”

Gaiya ya dubi silin, wannan karon akwai shi. Sai ya ji abin ya zo masa kamar yadda yake zuwa a kulob.

“Andira kujera ce ta itacen maɗaci. A zamanin da, ranar da malami ya yaye ɗalibinsa na dubu, sarki kan aiko da ita, 'ya'yan sarki huɗu su ɗauke shi a kai su zagaya gari. In ya rasu ba a ba kowa, tare da allunansa ake ajiye ta.”

“To, wannan kam ya faɗi daidai,” in ji Malam Gimba. “Na taɓa ganin irinta a...”

Ya tsaya. Hannunsa ya riga ya kai aljihu, alƙalami ya fito rabi.

Malam Labbo ya ɗaga tafinsa daga shafin. Kayan saƙa ne, zaren nan da masaƙi ke takawa ya ɗaga ya sauke. Dattijo ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari. Ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa, har zaren tabarau ya tsinke. Da ya samu numfashi ya jawo takardar sakamako.

“Mutumin da ya iya ƙarya da Hausa har mai jarrabawa ya yi shekara biyu yana kwafa, ban ga abin da ya rage a koya masa ba. Ya ci.” Ya sa hannu, ya tura wa Malam Gimba.

A nan ne girman Malam ya sake bayyana. Ya dubi takardar, ya dubi baƙo, ya ga ba hanya. Ya sa hannu da ja, da lanƙwasa uku, ya ce, “Ai ɗalibina ne. Da gangan na riƙe shi shekarun nan don ya nuna. Ga shi kuwa ka gani.”

Gaiya bai tsaya godiya mai tsawo ba. Ya fita a hankali har ya wuce allon, daga nan ya ruga a guje, babban mutum da shi, har gidan ma'aikata. Sara na tsakar gida tana tankaɗe. Ya ajiye mabuɗin a kan faifanta ya ce, “Namu ne.” Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, sannan ta tashi ta zage shi tas, sannan ta kama kaza.

Bayan wata guda takarda ta zo daga sama, cike da yabo. An gode wa Malam Gimba bisa doguwar hidima, an kuma ɗauke masa nauyin jarrabawa domin ya huta. An mayar da shi ɗakin fayil, inda a ƙarshe karatun Kano ya sami amfani. Aka cire allo, wai za a sake fenti. Ndako ya zo da kansa, cikin ladabi, ya karɓi kayan ofis da ke hannun mai jarrabawa: alƙalami ɗaya, kwalbar tawada ɗaya. Ƙamus ya koma kulob.

Asabar uku ba a ga Malam ba. Ta huɗu sai ga shi da sabuwar hula, ya zauna a mazauninsa kamar jiya ya tashi.

“Na san kun yi kewa. To ku sani, duk abin da ya faru gwaji ne, ina auna hankalinku. Yanzu an gama wasa da yara. Na gane salon kowa a nan, ko ido rufe zan tsinci ta littafi.”

Ndako ya buɗe ƙamus, ya ce kalmar yau fagaci. Aka rubuta, aka girgiza gwangwani. Takarda ta farko ta ce wani irin kifi ne. Ta biyu ta ce ƙurji ne da ke fito wa jaki a gindin wutsiya da damina. Ta uku ta ce wurin da sarki ke zama da manyan 'yan majalisarsa.

Da jin “sarki” Malam Gimba ya ƙyalƙyale da dariya, ya nuna Gaiya da yatsa. “Kai, ɗan nan! Har yanzu ba ka daina ba? An wuce wurin.” Ya ɗaga murfin kwalba sama don kowa ya gani, ya dangwara shi a kan ƙurjin jaki. “Ita ce. Na sha ganinsa. Har magani na sani.”

Ndako ya yi gyaran murya. “Malam, littafi ya ce na sarki ne.”

Gaiya, wanda ya rubuta ƙurjin, ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

“Miƙo littafin,” in ji Malam Gimba. “Baturen nan dai...”

Ya kai hannu aljihun ƙirji. Ya laluba, ya sake lalubawa. Babu komai a wurin sai tsohon jan tabo. Ya zauna da littafi buɗe a cinya, hannu a ƙirji, kamar mai rantsuwa.

Gaiya yaro ne mai ladabi, ba ya iya ganin babba cikin buƙata. Ya taso, ya durƙusa, ya miƙa masa nasa da hannu biyu. Fensir ne, mai abin gogewa a gindi.